Jitar Damargu da fedar kaushi mai hanya biyu

Akwai wani ɗan akwatin ƙarfe da makaɗan jitar lantarki suke ajiyewa a ƙasa gabansu, girmansa bai wuce na ƙaramin littafi ba. Waya ɗaya tana shiga cikinsa daga jita, wata tana fita zuwa amfilifaya. A samansa akwai maɓallan murɗawa jeri biyu, a ƙasansu kuma makunnai biyu da ake takawa da ƙafa, shi ya sa ake ce masa feda. Aikinsa shi ne ya kausasa sautin jita, ya mai da tattausan amon tsirkiya mai ziza, ko mai gurnani idan an ƙure shi. Irin wanda ake kira mai hanya biyu yana ɗauke da kaushi iri biyu a gida ɗaya, kowanne da nasa ma'aunin, makaɗi ya taka na dama ko na hagu gwargwadon inda waƙa ta kai. Kamfanonin Amurka da Japan da Ingila da suke ƙera shi ba su da labarin Tanut ko Belbeji, don makaɗan manyan dandamali suka yi shi. Duk da haka ina ganin da wuya a sami wurin da dabarar raba kaushi gida biyu ta dace da shi kamar filin biki a Damargu, kuma dalilin yana cikin yadda jita ta shigo ƙasar da irin aikin da aka ɗora mata.

Damargu ita ce ƙasar da ke tsakanin Damagaram da Abzin, inda gonar gero take ƙarewa makiyaya ta fara. A yau gunduma biyu ce a jihar Zinder: Tanut, mai ɗauke da Gangara da Ollelewa da Falenko da Tenhiya, sai Belbeji, wato ƙasar Tarka, wadda aka yanke daga Tanut a 2011. Tun zamanin ayari ita ce rumbun mutanen Abzin, nan raƙuma ke sauke gishiri da dabino su ɗauki hatsi, nan kuma fataken da ke tsakanin Kano da Tarabulus suke yada zango. A Taghelel ta Damargu ne Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya rabu da ɗaya daga cikin abokan tafiyarsa biyu a Janairun 1851 ya nufi Katsina da Kano. Hausawa da Barebari da Abzinawa da Fulani sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya a nan, suna shayar da dabbobi a rijiya ɗaya. Babbar hanya mai lamba 11 ta bi sawun raƙuman, daga Zinder zuwa Tanut, sannan Aderbisinat, sannan Agadas, kuma duk abin da arewa ta ƙirƙira ta nan yake gangarowa. Jita ma ta nan ta biyo.

Farin 1973 da na 1984 sun karkashe dabbobi, samarin Abzinawan Nijar da Mali suka bazama Aljeriya da Libiya neman abin kai wa baki. A Tamanrasat da sansanonin Libiya aka haifi kiɗan nan da ake kira asuf, Ibrahim Ag Alhabib da ƙungiyar Tinariwen na kan gaba, a Nijar kuma Abdallah ag Oumbadougou da ƙungiyarsa Takrist Nakal. Yawancin jitar wancan lokaci ta katako ce marar lantarki, mutum biyar ko goma zaune a kan tabarma, tafi ne ganga, rediyon kaset kuma shi ne situdiyo. Lokacin tawayen 1990 zuwa 1995 a ɓoye ake miƙa kaset ɗin hannu da hannu. Bayan yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 jita ta fito fili, ta shiga bikin aure da suna da taron siyasa, fitowar kuwa ta sauya mata aiki. Wanda a da yake isar da saƙo ga abokai goma, yanzu an ɗora masa tayar da ɗaruruwan mutane su taka rawa a sarari. Tawaye na biyu, na 2007 zuwa 2009, ya taɓa Damargu kai tsaye lokacin da mayaƙan ƙungiyar tawaye ta MNJ suka faɗa wa Tanut a Janairun 2008 suka tafi da shugaban gunduma, ya kuma sake mai da jita abin zargi, har makaɗin jita Bombino ya yi gudun hijira zuwa Burkina Faso. Da ƙura ta lafa a 2010 kiɗan ya dawo da ƙarfinsa, da lantarki da gangunan bature da ƙarin sauri. Sunayen da duniya ta sani daga wajen Agadas da Abalak da Cintabaraden suka fito, amma kasuwar da ke ciyar da makaɗi yau da gobe ita ce bikin unguwa da na ƙauye, kuma a wannan fannin Damargu da maƙwabtanta na arewa tafiyarsu ɗaya.

A duba yadda ake shirya wurin. Da la'asar sakaliya ko bayan isha'i a shimfiɗa tabarmi a fili, mata a gefe guda, maza a gefe, a bar da'ira a tsakiya. Can nesa kaɗan a ajiye ƙaramin janareta don kada ƙararsa ta hau kiɗa, a jawo waya ta cikin rairayi, inda aka yi ƙari an naɗe da leda. Inda babu janareta batirin mota ne ko na sola. Amfilifayar ƙarama ce, wani lokaci jita biyu da makirufo duk cikinta suke shiga, an ɗora ta a kan kujera don sauti ya wuce kawunan mutane. Babu bango, babu rufi, ba abin da zai maido da amo, abin da ya fita daga lasifika iska ta tafi da shi. Makaɗi ba shi da zaɓi illa ya murɗa komai ya kai maƙura, a nan kuwa na'urar take gazawa ta fara tsattsage sauti. Wannan tsagewar ce kunnen mutane ya saba da ita har ta zama ɓangare na daɗin kiɗan. Wayar salula da ake ɗaukar bikin da ita tana ƙara nata, 'yar lasifikarta ta ƙara nata idan an saurara washegari. Kaushi dai ya riga feda zuwa Damargu da shekaru masu yawa. Abin da bai iso ba shi ne iko a kansa. Yana nan daga farkon waƙa har ƙarshenta, ya hau jita, ya hau murya, ya ƙaru ko ya ragu yadda janareta ya ga dama.

Abin da ke faruwa a cikin na'urar ba shi da wuyar ganewa. Idan tsirkiya ta kaɗa, maganaɗisun da ke ƙarƙashinta suna mai da motsinta wata 'yar wutar lantarki mai hawa da sauka. Kowace na'ura tana da iyakar hawan da za ta iya bi, idan aka tura mata abin da ya fi ƙarfinta sai ta aske kan tudun da gindin kwarin, lanƙwasa ta koma mai kusurwa. Askewar nan tana haifar da sababbin muryoyi a saman ta asali. Tsirkiya ta biyar, wadda ke kaɗawa sau 110 a daƙiƙa, za ta fito da 'ya'ya masu 330 da 550 da 770 har zuwa dubbai, kuma na saman nan su ne kunnen ɗan Adam ya fi kamawa, su ne ƙaramar lasifika ta fi iya fitarwa. Abu na biyu, tunda an danne mai ƙarfi an ɗaga mai rauni, amon yakan daɗe bai mutu ba, har jita ta riƙa jan murya irin ta goge. Feda tana yin wannan da gangan, da wasu ƙananan abubuwa da ake kira diyod. Na silikon yakan fara yanka a wajen bolt 0.6, na jamaniyam a wajen 0.3, ƙaramin ƙwan LED kuwa sai an doshi bolt 2, shi ya sa yake barin sauti ya fi sakewa. Inda aka dasa su ma da bambanci. Tube Screamer ta kamfanin Ibanez, ta 1979, a hankali take tanƙwara kan sautin, DS-1 ta Boss da RAT ta Pro Co, duka na 1978, sara suke yi. Mai hanya biyu haɗa irin waɗannan ne a akwati ɗaya, kamar SD-2 da Boss ya fitar a 1993, ko Deucetone, wadda RAT biyu ce cur, kowace da nata maɓallan, ana iya kunna ɗaya ko a zuba ta farko cikin ta biyu.

A Amurka ma daga lalacewar kaya abin ya faro. A 1951, a situdiyon Sam Phillips da ke Memphis, an ɗauki kiɗan Willie Kizart da amfilifayar da ta sami rauni a hanya, aka cusa mata takarda aka ci gaba da aiki. A 1960, a Nashville, wata hanya ta lalace a teburin haɗa sauti ta kausasa jitar Grady Martin, faifan ya karɓu, makaɗa suka dami injiniyan, Glenn Snoddy, da neman irin wannan amon. Shi ne ya tsara na'urar da Gibson ya fara sayarwa a 1962 da sunan Maestro Fuzz-Tone, ta yi kwantai har sai da Rolling Stones suka yi amfani da ita a 1965. Sautin ya riga Snoddy wanzuwa, abin da ya ƙara wa makaɗa makunni ne, su kira shi lokacin da suke so, su sallame shi lokacin da ba sa so. Makaɗin Damargu yana daidai wannan matakin a yau, sai dai bukatarsa ta ɗara ta makunni ɗaya.

Jita a kiɗan asuf ayyuka biyu take yi, kuma suna karo da juna. Babban yatsa yana dukan tsirkiya mai kauri ba tsayawa, tana riƙe da murya ɗaya a ƙasa, manuni yana fizgar na sama, hannun hagu yana bugu da saki yana yi wa karin ado. Mawaƙi ya ba da baiti, 'yan amshi su karɓa, jita ta amsa musu. Lokacin baiti magana ce a gaba. Waƙoƙin na kewa ne da ci-rani da son ƙasa da kiran haɗin kai, masu saurare kuwa kalma suke bi, kamar yadda Bahaushe yake bin kalmar Shata ko ta Ma'azu Ɗan Alalo na fadar Damagaram. A biki kuma dole mawaƙi ya ambaci ango da amarya da danginsu, sau da yawa ya bar Tamashek ya koma Hausa don kowa ya ji, wanda aka ambata bai ji sunansa ba kuwa ba zai tashi ya yi liƙi ba. Matsalar ita ce ƙananan sautukan da ke rarrabe kalma da kalma a bakin mutum suna zaune ne a tsakanin kaɗawa 2,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa, daidai inda kaushi mai yawa yake zuba 'ya'yansa. Jita mai gurnani a ƙarƙashin murya tana cinye maganar. To amma da mawaƙi ya yi shiru, mai ganga ya ƙara wuta, samari suka faɗa cikin da'ira, wannan gurnanin ne ake bukata, amo mai tsawo da zai ratsa tafi da guɗa da ƙarar janareta ya kai ga na bayan taro. Feda mai hanya ɗaya tana ba da zaɓi biyu, a kashe ko a kunne, kuma a fili mai iska jitar da ba ta da kaushi ko kaɗan siririya ce, amonta yana mutuwa kafin ya kai sahu na uku. Mai hanya biyu tana ba da na tsakiyan da ya ɓata: ɗan kaushi mai sauƙi, ƙasa da muryar mawaƙi, don rakiyar baiti, sai babban a ajiye don lokacin da jita za ta yi magana ita kaɗai. Kowace hanya tana da nata maɓallin ƙara, saboda haka tazarar da ke tsakaninsu tun kafin a fara kiɗa ake yanke ta.

Gwanayen jita za su ce ai maɓallin ƙara da ke jikin jitar kanta yana yin wannan aikin, a rage shi kaushi ya lafa, a buɗe shi ya dawo. Gaskiya ne, Jimi Hendrix ma haka yake yi da fedar Fuzz Face. Sai dai dabarar tana son hannun dama ya sami ɗan sarari, a wannan kiɗan kuwa babban yatsa ba ya hutawa ko na bugu ɗaya, in ya tsaya ginshiƙin waƙar ya faɗi, masu rawa za su ji a ƙafafunsu kafin kunnensu ya gane. Makaɗin sau da yawa shi ne mawaƙin, bakinsa na kan makirufo, idonsa na kan taro yana neman wanda zai wasa. Ƙafa ce kaɗai ba ta da aiki. Akwai kuma wani abin da ya sa kaushi ya karɓi wannan kiɗan fiye da wasu. Idan aka aske muryoyi biyu tare sukan haifi wasu muryoyin na jimlarsu da na bambancinsu, in muryoyin asali suna da yawa kuma ba su da kusancin lissafi sai komai ya dagule. Kiɗan da ya tsaya kan murya ɗaya a ƙasa da ma'auni mai muryoyi biyar a sama ba ya faɗawa wannan ramin da sauri. Amma in jita biyu ko uku na ƙungiya duk suka taka babban kaushi lokaci guda, dagulewar za ta dawo ta wata ƙofa. Mai jan kiɗa kaɗai ke bukatar fedar, masu rakiya gara su zauna da tsabtataccen amonsu. Feda ɗaya ta ishi ƙungiya, wannan kuwa ya rage nauyin kuɗinta tun kafin a zo maganarsa.

Masu kishin gargajiya suna da nasu ƙorafin, cewa wannan amon na turawa ne, zai ɓata kiɗan da aka gada daga imzad da tende, gogen Abzinawa da gangarsu. Ina ganin sun manta da abin da kunnen Sahel ya daɗe yana nema. Mai ganga yana shimfiɗa wa fatarta siririyar tsirkiya don ta yi ziza. Mai garaya yana ɗaura wa wuyanta ƙarfe mai ƙananan zobba don kowane bugu ya zo da kacau-kacau. Algaita da kakaki ba wanda ya taɓa yabonsu da taushi, gashin doki a kan tsirkiyar goge ma da ɗan ƙaiƙayinsa yake fita, kuma makaɗin da ya cire waɗannan sai a ce kiɗansa ba shi da gishiri. Tsabtataccen amo marar ziza shi ne baƙon, daga majami'u da zaurukan kiɗan Turai aka koyo shi. Game da na'ura kuwa, a tuna cewa Mdou Moctar, wanda ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke, a Sakkwato ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008, da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi katin waya da Bluetooth suka zagaye Sahara, har Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tsinci ɗaya ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011. Ba wanda ke cewa muryar finafinan Kano ba ta Hausa ba ce don ta bi ta kwamfuta. Kayan aiki yakan zama na wanda ya iya juya shi.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi daga wata fuskar yake zuwa. Tun da kamfanin Sublime Frequencies na Amurka ya fitar da faifan Group Inerane na Agadas a 2007, wani rukunin masu saurare a Turai da Amurka ya kamu da son tsagaggen amon nan, suna ɗaukarsa shaidar cewa kiɗan na ainihi ne. Abin da suke yabo kuwa rabinsa talaucin kayan aiki ne. Akwai haɗarin yaro a Tanut ya ga Mdou Moctar a waya yana girgiza dandamali da kundin Afrique Victime na 2021, ya ɗauka cewa gurnani shi ne hanyar fita waje, ya sayi feda ya murɗe ta ƙarshe ya bar koyon yatsa. Wannan tsoron yana da tushe, ba na kuma musa shi. Amma a dubi waɗanda suka fita ɗin. Tinariwen, da suka ci kyautar Grammy a 2012, da kundin Tassili suka ci ta, wanda yawancinsa jitar katako ce. Etran de L'Aïr, makaɗan bikin Agadas tun 1995, da sauri da walƙiyar yatsa suka yi suna. Fatou Seidi Ghali ta Les Filles de Illighadad a natse take kaɗawa, waƙoƙin tende take ɗorawa a kan jita. Mdou ɗin kansa, bayan kundin Funeral for Justice na 2024, ya sake fitar da waƙoƙin nan a 2025 da jitar katako, aikin da suka ɗauka a Amurka lokacin da juyin mulkin Yulin 2023 ya tare su a can. Kasuwar waje ba amo ɗaya take saye ba. Feda mai hanya ɗaya ce take koya wa yaro cewa kaushi abu ne da ake kunnawa a bari, mai hanya biyu tana tilasta masa ya tambayi kansa a kowane baiti nawa ne ya isa.

Sai maganar kuɗi da wuta, wadda ita ce ta fi kama ƙasa. Feda mai hanya biyu ta sanannen kamfani ba kasafai take gaza yuro 150 a shagunan Turai ba, kusan sefa 98,000 ke nan kafin kuɗin kawowa, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake sefa 42,000 tun 2024. Na kamfanonin Sin irin su Joyo da Mooer sun fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma tsarin cikinsu kwaikwayon na tsofaffin nan ne. Wutar lantarki kuwa kusan mutum ɗaya cikin biyar ne yake da ita a Nijar, a karkara abin ya fi haka muni, ko da yake matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 tana cikin ƙasar Ollelewa ta gundumar Tanut. Yanke wutar da Najeriya ta yi daga Agustan 2023 zuwa farkon 2024 ya nuna cewa birane ma ba su tsira ba. Wannan ba ya kore fedar, yana dai nuna wacce za a zaɓa. Mai aiki da diyod da taransisto zalla wuta kaɗan take ci, DS-1 'yan miliamfiya kawai take ci, mai hanya biyu ta fi haka, batir ɗaya mai bolt 9 zai kai ta bukukuwa da yawa muddin ana zare wayar jita bayan an tashi. Manyan akwatunan kwamfuta masu amo ɗari a ciki suna cin ɗaruruwan miliamfiya, in wuta ta yi rawa su mutu a tsakiyar waƙa, in sun lalace ba mai gyara su a Zinder. Irin su HT-Dual ta Blackstar, mai ƙwan gilashi a ciki, amonta da daɗi, amma sai da nata abin jona wuta, ba ta san batir ba. Wannan ta zauna a situdiyon Yamai.

Akwai abin da feda ba za ta iya ba, kuma ya kamata mai saye ya sani kafin ya ba da kuɗinsa. Ba ta ƙara wa amfilifaya ƙarfi. In an riga an murɗe amfilifaya ta kai maƙura, taka hanya ta biyu ba zai ɗaga sauti ba, dagulewa kawai zai ƙara. Sai an rage amfilifayar an bar mata sarari, hanya ta farko ta zauna ƙasa, sannan ta biyu za ta sami inda za ta hau. Don kunne ya ji ƙara ta ninku sai an ninka ƙarfin na'ura kusan sau goma, saboda haka mai neman ƙara zalla lasifika zai saya. Kaushi kuma ba ya zaɓe, duk abin da ya shigo yana ɗagawa, har da gunjin wutar janareta mai kaɗawa 50 a daƙiƙa da maganaɗisun jita suke kwasowa, da ƙarar wayar da ta kwance. Tsofaffin tsirkiyoyi masu tsatsa da ba sa zama daidai, waɗanda kunne yake yafe wa a jita marar kaushi, da an taka feda sai karkacewarsu ta fito tana dukan juna. Makaɗin da kuɗinsa bai kai ba gara ya fara da sababbin tsirkiyoyi da kebul mai kyau da raba makirufo da jita, kowa da amfilifayarsa. Feda tana zuwa bayan waɗannan.

Dattawa da malaman unguwa su ma suna da ta cewa, a yankin da Zinder take babban birninsa ba a raina maganarsu. Wanda ya ƙi kiɗa gaba ɗaya ba akwatin ƙarfe ne zai sauya masa ra'ayi ba, wannan wata muhawara ce daban. Wanda kuwa kukansa ƙara ce da hana barci, a ƙa'ida fedar tana gefensa, tunda amon da aka danne aka cika da muryoyin sama ana jin sa sarai ba sai an ƙure lasifika ba. A aikace kuwa samari samari ne, kowa ya san inda za su kai maɓallin in dare ya yi. Lokacin tashi daga biki shi ke raba wannan rigimar.

Abin da ya rage shi ne ko akwatin zai jure ƙasar. Zafin Afrilu da Mayu a Damargu yana haura digiri 40, taransiston jamaniyam kuwa, wanda masu tara tsofaffin kaya a Turai suke biya da tsada, halinsa yana sauyawa da zafi, amon da aka daidaita da safe ya shaƙe da la'asar. Silikon da LED ba su da wannan larurar. Ƙurar hunturu tana shiga maɓallan murɗawa su fara ƙarar-ƙarar, rairayi ya cika makunnin ƙafa, don haka mai rufaffun maɓallai ta fi, kuma a ɗora ta a kan katako ko tabarma. Makaɗin biki yakan shiga cikin da'ira da kebul mai tsawo, kebul ɗin da ya wuce mita 6 kuwa yana shanye muryoyin sama, sai dai in fedar tana da ɗan sashen da ke ƙarfafa sautin ko tana kashe, kamar yadda na Boss suke. Daɗin abin shi ne cikin irin wannan fedar ba baƙon abu ba ne ga mai gyaran rediyo a kasuwar Dole ta Zinder ko Sabon Gari ta Kano. Ƙwaƙwalwar da ake kira 4558, wadda Tube Screamer ta yi suna da ita, tana cikin tsofaffin rediyoyin kaset ba adadi, diyod 1N4148 kuwa kamar ƙasa yake a teburin kowane mai gyara, tsarin haɗa su duk yana intanet. Mai hannu zai iya ƙera hanya biyu a gwangwani ɗaya, ya zaɓi kayan da za su karɓi bolt 12 na batirin mota ko na sola kai tsaye, abin da wasu fedojin kanti ba sa jurewa. Wuri ɗaya ne dole ya kiyaye. Yawancin fedoji tsakiyar bakin wutarsu na ragi ne, akasin na rediyo da yawancin kayan gida, kuma cajar da aka ara a wurin biki aka jona a juye tana iya ƙone fedar nan take. Diyod ɗaya da aka dasa a bakin shigar wuta ya isa ya hana hakan.